Ruwan Randar Inna

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, ni ce auta, kuma a gidanmu na Ƙofar Marke kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ana yaye shi aka miƙa wa Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, a hannunta ya tashi. In Inna za ta yi zancensa sai ta ce "wancan". Ko yaron maƙwabta ne mai suna irin nasa, sai dai ta ce masa "kai, mai sunan wancan". In Yaya ya zo gaishe ta yakan tsuguna a bakin ƙofa daga waje, ita kuma ta kau da kai ta amsa wa labule. Gaisuwar ba ta wuce an kwana lafiya, lafiya lau, sai ya tashi.

Ni kuwa har gadonta nake hawa in kwanta, in buɗe kwanonta in ci, in yi mata musu ta bi ni da mafici. Abin da ta hana wancan duk ni ta juye wa. Yanzu nakan ji masu hira a rediyo suna yabon kunyar iyayenmu, wai tarbiyya ce da ta ɓace. Ba na tanka musu, amma raina ɓaci yake yi, don na ga abin da ta ci mana.

Shekarun nan ne da arzikin man fetur ya shigo, sojoji na mulki. Ko'ina ka duba a Sakkwato gini ake yi, motocin siminti suna ta kai da kawowa, wanda jiya yake kan keke yau ya wuce ka a mota. Yaya ya yi boko mai zurfi, ya zama babba a wurin aikin gwamnati, aka ba shi gida a unguwar manyan ma'aikata, ga mota, ga direba, ga firji. Mahaifinmu ya riga ya rasu, saboda haka maganar gidanmu duk ta koma bakinsa. Ya so ya rushe ɗakin Inna na ƙasa ya yi mata na bulo, ta aika masa da ni cewa ɗakin bai yi mata laifin komai ba. Da ya biya mata Makka dai ba ta ƙi ba.

Da ta dawo, bayan an gama rabon dabino da zobba, ta kira ni ta buɗe adakarta. Can ƙasa ta zaro farin yadi a naɗe. Likkafaninta ne, ta tsoma shi a ruwan zamzam ta shanya tun a can. Na ce mata ni ba na son irin wannan zance. Ta ce, "Ki so, ki ƙi, saurara. Cikin ɗakin ga nika son ta ishe ni. Gwaggonki ta yi mani wanka. Kuma kar namiji shi taɓa ni, in ba masu ɗaukar makara ba." Ta mayar da yadin ta rufe adaka, ta ce in miƙo mata goro.

Ciwon a ciki ya fara. Abinci ya daina zama, ta yi ta ramewa har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. An sha saiwa, an sha rubutu, ba a ga canji ba. Lokacin ina aure a Tudun Wada, kullum sai na zo. Ranar da ta yi aman jini na tafi da kaina ofis na gaya wa Yaya, kafin la'asar mota ta zo ta ɗauke ta zuwa asibiti. Ban ga laifinsa a nan ba, ni ma abin da na so ke nan. Aka yi mata aiki. Daga baya na gane buɗewa kawai aka yi, aka duba, aka rufe.

Likitan baƙo ne daga wata ƙasa, irin waɗanda gwamnati ta yi ta ɗaukowa a lokacin. Ba ya jin Hausa, kuma ba ya magana da kowa a cikinmu sai Yaya. Suka shiga ofis suka daɗe. Da Yaya ya fito, ni da Gwaggo muka taso muka tare shi. Ya cire hula ya share goshi ya ce, "Likita ya ce da sauƙi." Muka yi hamdala.

Bazara ce, irin ta Sakkwato, wadda ko ƙarfen gado ba ya taɓuwa da rana. Ɗakin mata dogo ne, gadaje jere hagu da dama, fankoki a sama suna juyawa in an ga dama. Mu masu jinya a gindin itatuwan dogonyaro muke zaune da tabarminmu da tukwanenmu, mu shiga mu fita. Akwai wani gado mai taya da leburori biyu maza suke turawa. Tayarsa ɗaya tana ƙara, tun daga nesa ake jin ta, kuma in aka ji ta ɗakin yakan yi tsit. Su shigo, su ja labule, ɗaya ya kama kafaɗu ɗaya ya kama ƙafafu, su ɗora, su nufi mutuware, ɗakin ajiye gawa. Ranar da Inna ta fara ganin haka ta bi su da ido har suka fice. Ta jawo hannuna ta ce, "Maza na ka ɗaukar mata nan?" Na ce aikinsu ne. Ranar ko kunu ba ta sha ba.

Washegari ta fara zancen ruwa. Yaya kullum yakan aiko da ruwan firji a fulas, mai sanyi har haƙori. Ta ture kofin ta ce, "Ruwan randata nika so." Randar nan tana kusurwar ɗakinta tun kafin a haife ni, rabinta a binne cikin yashi, an rufe ta da faifai, ruwanta yana ƙanshin ƙasa da turaren da take yi mata. Na gaya wa Yaya, ya tura direba Ƙofar Marke aka ciko fulas. Ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Ba shi na ba."

"Inna, wallahi daga randarki anka ɗebo shi."

"To ya sha tahiya, ya gaji."

Na yi dariya, na ce ƙila kofin ne. Aka je aka ɗauko moɗarta. Bayan moɗa ta ce matashin asibiti yana sa mata ciwon wuya, nata take so. Aka kawo. Sai tabarmar sallarta, sai butarta, sai kaskon turarenta don warin ɗakin yana tayar mata da zuciya. Har labulen ƙofarta ta tambaya, wai haske yana damunta, muka rataya shi a tagar da ke kanta. Duk abin da ta ambata, kafin yamma direba ya kawo. Yaya murna yake yi. A wurinsa mara lafiyar da ke neman kayanta ta fara dawowa hayyacinta ke nan. Ni ma haka na ɗauka, har ina tsokanarta cewa saura mu tono randar mu kawo.

Gwaggo ce ta farkar da ni. Muna zaune gindin dogonyaro tana tsinke zogale, na ce Inna ta fara rigimar tsufa, kullum da abin da za a ɗauko. Ta ɗago ta dube ni kamar ta mare ni.

"Ke dai girman banza gare ki. Ba kaya taka so ba, ɗaki taka so. Kullum tana hwaɗa maku ku kai ta gida, ku kuwa kuna kwaso gidan kuna kawo mata."

Na shiga na zauna a bakin gadon, na tambayi Inna ko gida take so. Ta rufe ido ta ce, "Ba ni ad da magana ba." Na san wanda take nufi.

Da yamma na tare Yaya a wurin ajiye motoci. Na gaya masa yadda muka yi da Gwaggo. Ya saurara yana kaɗa makullin mota, sannan ya ce, "Ita tac ce?"

"Ba ta ce ba, amma kowa ya gane."

"Ni ban gane ba. Ina da hali, ga likita, ga magani, in kwashe ta in kai ɗakin ƙasa ta kwanta? Mi mutane za su ce? Su ce na gaji da ita?"

"Yaya, mutane ba su ka kwance bisa gadon ga ba."

Ya daka mini tsawa, abin da bai taɓa yi ba. Da ya huce ya buɗe ƙofar mota, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "In ta hwaɗa mani da bakinta, ranar nan za ni kai ta."

Ya san ba za ta iya ba. Matar da ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ita ce za ta buɗe baki ta roƙe shi? Na tsaya ina kallon motar tana fita, na ji na tsane shi, tsana ta gaske. Sai da na manyanta na fahimci wani abu game da shi. Mutumin nan bai taɓa zama kusa da uwarsa ba, bai taɓa jin ta yi masa faɗa ba balle yabo. Asibitin nan da fulas ɗin nan da direban nan, su ne kaɗai hanyar da yake da ita ta yi mata magana. In ya mayar da ita gida, ya koma tsuguno a bayan labule. Na fahimta, amma fahimtar ba ta rage mini haushi ba har yau.

Haka muka ci gaba, ita kuma tana ƙarewa. Kowace safiya likita yakan zagayo da wata nas da ke yi masa tafinta, mace mai jiki, mutuniyar Sabon Gari, ba Bahaushiya ba ce amma Hausa ta zauna a bakinta. Likita ya yi magana, nas ta ce, "Mama, yaya jiki?" Inna ta gyara lulluɓi ta ce, "Da sauƙi." Nas ta juya masa, ya gyaɗa kai ya wuce gado na gaba. Suna wucewa Inna ta cusa gefen zane a baki ta cije. Na sha ganin zufa tana tsattsafo mata, yatsun ƙafarta suna naɗewa, ba ta ko nishi. 'Yan dubiya su zo daga unguwa, layi-layi, da kwanon fura da lemo, kowa ya ce ƙaƙa jiki, ta ce da sauƙi, su ce Allah shi ƙara sauƙi, su tafi suna cewa ai ta ji dama. A garinmu mutum ko ransa na fita ba ya cewa babu sauƙi, sai a ce ya yi wa Allah butulci.

Wata rana ina wanke kwano a bakin famfo nas ɗin ta zo ta tsaya kaina.

"Ke ce 'yarta, ko? Ku mutanen nan kuna ba ni mamaki. Kullum ta ce da sauƙi, yaya likita zai rubuta mata allura mai ƙarfi? Kuma me kuke jira a nan?"

Na ce muna jiran ta warke.

Ta dube ni. Ta ce, "Ba a gaya miki ba? Tun bayan aiki likita ya faɗa wa yayanki. Ciwon daji ne, ya gama cin cikin. Ya ce babu abin da za mu ƙara, ku kai ta gida cikin 'yan'uwanta tun tana gane mutane, a riƙa yi mata allurar rage zafi. Ni ma na ce zan riƙa biyawa in yi mata in na tashi aiki, ai hanyata ce. Yayanki ya ce a ci gaba da ƙarin ruwa."

Kwanon ya suɓuce mini. Watau duk makonnin nan, tun tana iya zama, tun tana iya taka ƙasa da ƙafarta, an riga an sallame ta, mu ne muke riƙe da ita. Da a lokacin aka kai ta, da ta zauna a ƙofar ɗakinta ta sha hantsi, da maƙwabta sun shigo sun yi hira, da ta raba 'yan kayanta da hannunta ta nemi gafarar wanda za ta nema. Yanzu na ji an ce akwai masu wannan aiki musamman, na kula da wanda ba zai tashi ba, su rage masa zafi su bar shi a inda yake so. A lokacin ba su da suna. Abin da ake da shi kawai likita ya ce ku koma gida, kuma mutum ɗaya ya faɗa wa, a harshen da sauranmu ba ma ji.

Ban gaya wa Inna sunan ciwon ba, kuma ba ta bukata, ta riga kowa sani. Abin da na gaya mata shi ne sharaɗin Yaya. Na ce, "Ya ce in kin hwaɗa mashi da bakinki, za shi kai ki." Ta buɗe ido ta harare ni da ɗan ƙarfin da ya rage mata. "Ke ba ki da kunya, shi ya sa kika ganin kowa haka na." Ta juya ga bango. Na yi kuka, na yi magiya, na ce kalma biyu ce kawai. Gwaggo ma ta je ta same shi, ita da ta goya shi, ya ce mata ana jiran wani sabon magani daga Ikko. Kwanaki suka yi ta wucewa. Jijiyoyin hannun Inna suka ƙi karɓar allurar ƙarin ruwa, aka koma ƙafa. Ta daina tashi salla, sai dai ta yi da ido. Gadon nan mai ƙara ya shigo ya fita da matar da ke kusa da ƙofa, ya sake dawowa ya ɗauki wata yarinya mai jego. Duk shigowarsa Inna sai ta damƙe hannuna.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne. Yaya ya zo kamar kullum, ya tsuguna daga wajen ƙafafun gado da babbar rigarsa, ya yi gaisuwa yana kallon ƙasa. Ta amsa wa bango. Ya ɗan jima, ya miƙe, ya juya zai tafi. Sai na ji ta kira sunansa.

Muryar ba ta da ƙarfi, kuma sunan ya fito mata wani iri, kamar mai gwada kalmar baƙon harshe. Amma sunansa ne, cikakke, yadda aka raɗa masa. Gwaggo ta saki carbinta. Yaya ya tsaya cak, bai juyo ba. Ta sake kira. Da ya juyo, idonta na kansa, ba ta kau da kai ba.

"Kai ni ɗakina," in ji ta.

Ƙaton mutum, mai gemu, wanda ake tashi tsaye in ya shiga ofis, ya durƙushe a wurin yana kuka kamar yaron da aka yaye. Abin da yake iya cewa kawai, "To. To. To."

Ya tashi ya bazama neman likita. Likita ya tashi aiki. Babbar nas ta ce ba a sallama sai da sa hannunsa, a bari sai ya zagayo da safe. Na ce wa Yaya mu ɗauke ta yanzu, mota na waje, wa zai hana mu? Ya ce a'a, a bi ƙa'ida, kuma gara a share ɗakin tukuna a sa katifa mai laushi. "Gobe da sahe, in Allah ya so." Na ce gobe ba tamu ba ce. Ya ce in daina mugun baki. Gwaggo ta bi shi a mota don ta je ta gyara ɗaki. Inna kuwa fuskarta ta saki, har ta karɓi kunu cokali biyu, ta ce in tabbata an cika randa.

Ashe washegari wani babban soja zai zo duba sabon ginin da aka yi a asibitin. Mu ba wanda ya gaya mana. Gari na wayewa ma'aikata suka shigo da sababbin zannuwan gado farare, aka hau wanke ƙasa. Aka ce duk masu jinya su fita, su kwashe komatsansu, kada a ga tabarma ko tukunya ko buta. Na ce uwata yau za a sallame ta, kuma ba ta iya ko juyawa sai da ni. Aka ce awa ɗaya ce kawai. Suka cire labulenta daga taga, suka zare matashinta suka sa nasu. Na ɗaure kayan duka a cikin labulen, moɗa da kasko da buta da tabarma. Na sunkuya na ce mata, "Inna, yanzu za ni dawo, mota na tahe." Ta ce, "Bar mani ruwa kusa." Na ajiye kofi a kan durowar gefen gado. Ina fita na waiga na ga wani ma'aikaci ya ɗauke shi, ya ajiye kwalba da furen roba a wurin.

Aka kora mu har bayan shinge. Sojoji suka tsaya a ƙofa da bindigogi da bulala. Yaya ya iso da hantsi, aka tsayar da motarsa tun daga titi. Ya sauko ya je ya yi wa wani soja bayani, da Hausa, da Turanci, ya faɗi matsayinsa. Sojan, wanda bai kai ƙanen bayansa ba, ko kallonsa bai yi ba, ya nuna masa baya da bakin bulala. Yaya ya dawo ya tsaya kusa da ni a rana, ni da ƙullin kaya a ka. Awa ɗayan nan ta zama hantsi, ta zama tsakar rana. Baƙon bai iso ba sai da aka kusa kiran azahar, da jiniya da jerin motoci. Muna jin tafi daga ciki.

Da aka buɗe ƙofa na yar da ƙullin na ruga. Na tarar da gadon Inna babu kowa, an yaye zanen, katifar roba tana sheƙi.

Matar gado na kusa ce ta ba ni labari, wata dattijuwa daga ƙauye da aka yanke wa ƙafa. Ta ce baƙon ya shigo da mutanensa, ya bi gado-gado. Da ya zo kan Inna ya tsaya, da yake yana jin Hausa, ya ce, "Sannu Mama, yaya jiki?" Inna ta ce, "Da sauƙi." Ya ce madalla, ya wuce. Suna fita duk ma'aikatan suka bi su zuwa sabon gini, ɗakin ya zama ba kowa sai marasa lafiya. Ta ce Inna ta nemi ruwa, ta sake nema, ta kira ni. "Ni ba ƙahwa gare ni ba, ɗiyata, ban iya tashi. Da nij ji numfashinta ya sake, sai ni yi ta yi mata kalmar shahada daga nan, da ƙarhi. Ban sani ba ko ta jiya."

Na tambaye ta wa ya ɗauke ta. Ban san dalilin da ya sa na tambaya ba, na san amsar. Ta ce mutanen nan biyu ne, ta ƙofar baya suka bi da ita don kada su yi karo da baƙi. Nas ɗin Sabon Gari ta same ni a wurin, idonta ja. Ta ce ta roƙa a jira mu, aka ce ba a barin gawa a ɗaki ranar da ake da baƙo. Ta ce ita ta lulluɓe ta da hannunta kafin su taɓa ta. Na gode mata, don ta cancanta. Amma sun taɓa ta.

Yaya ne ya shiga mutuware ya fito da ita. Motar da ta zo kai ta gida ita ta kai ta. Ina baya, kanta a cinyata, ba ta fi nauyin yaro ba. Muka bi ta cikin gari ana ta hada-hada, masu gini suna gini, har muka shiga lungunmu na Ƙofar Marke.

Gwaggo ta share ɗakin tas, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa sabuwar katifar, tana zaune tana jiran mara lafiya. Sai da muka shigar da Inna na ga abin da muka yi wa ɗakin nan. Ƙofa ba labule, ƙusa ba tabarma, gado ba matashi, inda kasko yake zama sai zoben toka a ƙasa. Mun kwashe shi kaɗan-kaɗan mun kai asibiti. Ban da gadon, abin da ya rage adaka ce da randa, su ma don sun fi ƙarfin ɗauka ne. Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta buɗe adaka ta ciro likkafanin, ta ce a kama wani zane a ƙofa, ta naɗe hannun riga. Ta ɗaga faifan randar, cike take har baki, da asuba ta cika ta. Ta duba gefe ta ce, "Ina moɗa?"

Na fito nema. Yaya na tsugune a bakin ƙofa daga waje, daidai inda ya saba tsugunawa. Ashe ya tsinci ƙullin da na yar a ƙofar asibiti, ya kwance shi a gabansa, moɗar tana hannunsa. Na miƙa hannu, bai saki ba. Ya ɗago ya dube ni, ya ce a hankali, yadda masu zaman makoki ba za su ji ba, "Kin jiya, ko? Sunana tak kira. Har sau biyu."

Akwai maganganu da yawa a bakina, na tara su tun daga bakin shinge. Na ce, "Na ji, Yaya." Ya saki moɗar, na shiga da ita, Gwaggo tana jira.